LAFIYA UWAR JIKI: Gashi Ko Motsa Jiki?

Jama'a, idan ciwon baya ya wuce wata 3 bai saki mutum ba, to, ya zama abokin zama, sai a san irin zaman da za a yi da shi. Akasarinmu in likita ya tura mu sashen gashi, abin da muke so shi ne a kwantar da mu, a kunna na'ura, mu ji ɗumi, mu tashi. Wanda aka ce masa ya miƙe ya motsa jiki kuwa, gani yake an ci kuɗinsa a banza.

To, a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwarinta game da daɗaɗɗen ciwon baya, watau irin wanda ba wata cuta ce ta haddasa shi ba. Ba ta goyi bayan ɗaura ɗamarar ƙugu ba, ko jan gadon baya da na'ura, ko na'urar nan mai tsikarin fata da lantarki. Ta amince da motsa jiki bisa tsari, da wayar da kan majiyyaci, har ma da tausa.

Ai dalilin a fili yake. Tsokar da ta daɗe ba ta aiki rauni take yi, gaɓoɓi su sandare. Ɗumi da daɗi, amma sauƙinsa ba ya daɗewa. Saboda haka, mai karatu, tambayi ma'aikacin gashi abin da za ka riƙa yi da kanka a gida, ka fara kaɗan kaɗan.

Amma fa in ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, wannan ba na gashi ba ne, a garzaya wurin likita ran nan.