Ɗalibanmu Da Ciwon "Very Important"

Ya kai mai karatu, kada ka yi mamakin ganin malamin nahawu ya tsoma baki a harkar Turanci. Kwanakin baya ne wani ɗalibina mai shirin jarrabawar WAEC ya kawo mini insha'in da ya rubuta a kan madatsar ruwan Challawa ta nan Karaye, wadda aka gama a 1992. Da na ƙirga, sai na tarar da "very important" har sau tara. Ruwa very important, kifi very important, da ya zo kan noman rani sai ya ƙara masa very guda, wai don ya fi sauran.

Abin da dariya, amma asara ce. Ana son insha'in WAEC ya kai kalma 450, makinsa 50, kuma 20 daga ciki na iya sarrafa harshe ne. Wanda bai ci Turanci ba kuwa, ko ya haddace Alfiyya, ƙofar Jami'ar Bayero ba za ta buɗe masa ba. Ra'ayina shi ne, yaranmu na Islamiyya su ya fi kamata su warke daga wannan ciwo, domin maganin na cikin nahawun da muke karantar da su.

Ɗauki kalmar "muhimmi" kanta. Daga Larabci muka aro ta, isimul fa'ili ce ta fi'ilin ahamma, yuhimmu. Wato Balarabe yana da aikatau na nuna muhimmanci. To, Bature ma haka, nasa shi ne matter. Maimakon yaro ya ce ruwa very important, sai ya ce "Water matters", magana ta ƙare da kalma biyu. Sai dai a nan ne ɗan Islamiyya ke tuntuɓe. Fi'ilin Larabci muta'addi ne, yana faɗa wa maf'ulinsa kai tsaye, ka ce yuhimmuni. Yaro sai ya kwaso wannan ya rubuta "It matters me". Kuskure ne. Matter lazimi ne, ba ya isa ga mutum sai da harafin jarri, wato "It matters to me". Na faɗa wa ɗalibin nan haka sau ɗaya tak, ya ce, "Au, Malam, ashe lazimi ne!" Bai sake ba. Da ba a bi da shi ta nahawu ba, sai a yi mako ana fama.

A kula kuma da korewarsa, "It doesn't matter". Yaranmu sun ɗauka ita ce "ba komai" tamu a ko'ina. In wani ya taka ka ya ba ka haƙuri, ta zauna daidai. Amma "ba komai" ta Bahaushe har lallashi takan yi. Mutum ya ce maka ambaliya ta cinye masa gona, ka ce masa "It doesn't matter", to ka gaya masa gonarsa ba ta dame ka ba, alhali jaje ka yi nufi.

Sai count. Kowa ya san shi da ma'anar ƙirga, amma in ya tsaya ba maf'uli, nufinsa abu ya shiga lissafi. "Every mark counts", kowane maki yana cikin lissafi. Ai mu ma mukan ce wane ba ya cikin lissafi. Shi kuwa mean, in an haɗa shi da a lot, na abin da ke zuciya ne: "This school means a lot to me". Ba a cika yi wa taki ko farashin masara wannan ba.

Wanda na fi so duk cikinsu shi ne outweigh, don kuwa ɗan ajin fiƙihu ya riga ya san shi ba tare da ya sani ba. Rinjaye ne, irin na rajihi a kan marjuhi, ka ɗora abu biyu a sikeli ɗaya ya danne ɗaya. Jarrabawa kuwa ba ta rabuwa da tambayar muhawara, a ce ka auna amfanin abu da illarsa. Da yaron nan ya rubuta "The benefits of the dam outweigh its problems", da ya nuna wa mai duba takarda cewa ya auna, ya yanke hukunci. Shi muta'addi ne, kada a liƙa masa than.

Haka emphasize da stress, masu nufin jaddadawa. Larabcin jaridu yakan ce akkada ala, sai yaro ya fassara alan nan ya rubuta "emphasize on". Har manyan 'yan boko na yin wannan a rediyo, amma mai duba takarda zai ja masa jan biro. A cire on ɗin.

Na san wasu malamai 'yan'uwana za su ce lokacin Islamiyya kaɗan ne, kada Turanci ya ci na Alƙur'ani. Gaskiyarsu, ni ma ban ce a taɓa shi ba. Roƙona ga shugabannin Islamiyyun Karaye da Rogo shi ne minti goma sha biyar daga darasin nahawu na ranar Asabar, ga 'yan ajin ƙarshe kaɗai. Fi'ili ɗaya a mako ya isa, a rubuta shi a allo kusa da ɗan'uwansa na Larabci, a tambayi yara: lazimi ne ko muta'addi? Kowa ya kawo jimla uku a kan gonarsu ko kasuwar garinsu. Inda malamin nahawu bai ji Turanci ba, ya gayyato malamin sakandaren garin su tsaya gaban allo tare. Ni na fara da matter Asabar ɗin da ta wuce, mako mai zuwa in Allah ya kai mu sai count.