Hukuncin Kisa: A Fara Kama Mai Laifin Tukuna



Kwanan baya ina zaune wurin wani mai shayi a bakin titin Hammaruwa, nan Jalingo, sai gardama ta kaure a kan masu satar mutane. Wani dattijo direban babbar mota, wanda aka taɓa sace ƙanensa a hanyar gona, har sai da suka sayar da shanu da injin niƙa kafin a sako shi, ya bugi benci ya ce shi bai ga amfanin kai irin waɗannan mutane kotu ba. A kama su, a ɗaure su jikin turaku a filin ƙwallo, a yi shela gari ya taru, a harbe su kowa na gani, kamar yadda aka yi zamanin soja. Kusan duk wanda ke wurin ya ce haka ne. Wani ɗan makaranta ya yi karambani ya ce ai ƙasashen da suka ci gaba sun bar kashe masu laifi. Aka yi masa caa, har ya tashi ya bar shayinsa.

Ni dai ban ce uffan ba, domin wanda aka yi wa ɓarna ba a koya masa haƙuri cikin taro. Amma tun ran nan maganar take cina, shi ya sa na ce bari in kawo ta nan mu duba tare.

Bari in faɗi matsayina tun da wuri, kada mai karatu ya yi ta lalube. Ba na cikin masu cewa ran wanda ya yi kisa ya fi na wanda aka kashe daraja. Tsarin mulkin ƙasar nan na 1999, a sashe na 33, ya yarda a ɗauki ran mutum in kotu ta yanke haka, Kotun Ƙoli kuma ta riga ta tabbatar da halaccin wannan hukunci tun 1998 a shari'ar Onuoha Kalu. Amma a yadda bincike da shari'a suke a ƙasar nan yau, ban yarda a rataye kowa ba, ban kuma yarda majalisu su riƙa jefa mana kalmar kisa cikin doka duk ran da hankalin jama'a ya tashi ba, sa'an nan su koma su kwanta.

Abin da dattijon nan ke nema ai mun gwada shi, ba sau ɗaya ba. Bayan yaƙin basasa, da bindigogi suka watsu a hannun mutane, Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar fashi da makami ta 1970, wadda ta tanadi harbi. A bakin teku na Bar Beach a Ikko mutane suka riƙa yin dafifi kamar masu zuwa kallon dambe, har da masu tallar ruwa da gyaɗa. Ran 8 ga watan Satumba, 1971, aka harbe Ishola Oyenusi, ƙasurgumin ɗan fashin da ya addabi Yamma. Aka ce to, an gama. Shekara goma sha shida bayan haka, watau 1987, sai ga mu mun sake taruwa a Benin ana harbe Lawrence Anini. A tsakanin waɗannan biyu, da kuma bayansu, Allah kaɗai ya san yawan waɗanda aka jingina da durom. Ina tambayar manya da suka ga zamanin: fashi ya ƙare? Da harbi a bainar jama'a na maganin fashi, da mu da muka zo daga baya sai dai mu ji labarinsa a tatsuniya.

Akwai wani abu cikin labarin Anini da mutane suka fi son mantawa. Cikin waɗanda aka yanke wa hukunci a shari'arsa har da babban jami'in 'yan sanda, George Iyamu, wanda aka samu da hannu dumu-dumu a ɓarnar. Watau abin da ya sa Anini ya daɗe yana cin karensa babu babbaka, ba rashin tsananin doka ba ne, a'a, ɓeran yana cikin rumbu ne. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu mu zo gida. Kowa a Jihar Taraba ya san abin da satar mutane ta yi mana. A ƙarshen Disamba, 2017, aka sace ɗan Majalisar Dokokin Jiha mai wakiltar Takum, Hosea Ibi, a watan Janairu na 2018 aka tsinci gawarsa. In ɗan majalisa bai tsira ba, ina ga manomi a Gassol ko Bali? Saboda haka da Gwamna Darius Ishaku ya sa hannu a 2019 kan dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga masu satar mutane, an yi ta tafi, an ce yanzu za su gane kurensu.

To, a cikin wannan shekarar dai, ran 6 ga watan Agusta, 'yan sanda na musamman da aka aiko daga Abuja suka kama Hamisu Bala, wanda aka fi sani da Wadume, a garin Ibi, bisa zargin satar mutane. A kan hanyar Ibi zuwa Wukari sojoji suka buɗe wa motarsu wuta, 'yan sanda uku suka mutu tare da farar hula, wanda aka kama kuwa ya sulale. Bayan kamar mako biyu aka sake cafke shi a Kano. Da aka zo shari'a a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, sai aka cire sunayen sojojin daga takardar ƙara. A 2022 Mai Shari'a Binta Nyako ta yanke masa shekara bakwai, a kan tserewa daga hannun hukuma da mu'amala da haramtattun makamai. A 2024 ya gama wa'adinsa ya koma Ibi, jama'a suka fito tarbarsa.

Ba ni ne zan ɗora wa mutum laifin da kotu ba ta ɗora masa ba, ya yi zaman da aka yanke masa, shi ke nan. Abin da nake nunawa shi ne, shari'ar da ta fi kowace girgiza jihar nan a kan batun satar mutane, ta fara ta ƙare ba tare da dokarmu mai hukuncin kisa ta ko leƙo ba, jinin 'yan sandan nan uku kuwa matansu da 'ya'yansu ne suka san zafinsa. Yaron da ke cikin daji da bindiga ba ya karanta gazet ɗin gwamnati. Abin da yake aunawa ɗaya ne: za a kama ni ko ba za a kama ni ba? In an kama ni, akwai wanda zai fitar da ni? Muddin amsar ta yi masa daɗi, ko an rubuta cewa sau bakwai za a rataye shi, gobe ma zai tare hanya.

Su wane ne, ke nan, igiyar take samu? Hukumar gidajen yari da kanta ta ce mutum sama da 3,000 ke jiran hukuncin kisa a ƙasar nan. Duk wanda ya taɓa zama a bencin baya na Babbar Kotu ya san irin fuskokin da ake fitowa da su daga baƙar mota: ɗan acaɓa, ɗan dako, makiyayi, manomi, wanda bai san abin da ake faɗi da Turanci ba sai tafinta ya gutsura masa, lauyansa kuwa na taimako ne, mai yiwuwa ran nan ya fara ganinsa. Sau da yawa babbar hujjar da ke kansa takarda ce da aka ce ya dangwala wa yatsa a caji ofis, shi kuma yana rantsuwa da dūka aka karɓe ta. Afuwa kuwa ta san gidan da take sauka. Tsohon Gwamnanmu Jolly Nyame an ɗaure shi a 2018 kan dukiyar jama'a, a 2022 aka yi masa afuwa ya dawo gida. Ban ce laifinsa da na mai kisa ɗaya ne ba, ba kuma hassada nake masa ba. Na ce ne mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, wanda ba shi da kowa kuwa shi ake bari da igiya.

Sa'an nan ga kuskure, wanda shi ne ya fi tayar mini da hankali. A Jihar Oyo an yanke wa wani mai suna Nasiru Bello hukuncin kisa kan fashi. Ya ɗaukaka ƙara. Ƙarar tana gaban kotu ba a saurare ta ba, sai hukuma ta kashe shi a watan Satumba, 1981. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce kisan nan haramtacce ne, a biya iyalinsa diyya. Madalla da diyya, amma wace kotu ce za ta tashe shi ya ji sakamakon ƙararsa? A watan Afrilu na 1985 kuma aka harbe samari uku a Ikko kan miyagun ƙwayoyi, bisa dokar soja da aka mai da ita baya ta hau kan laifin da aka yi kafin a kafa ta. Nan kusa ma, a Adamawa, wadda muke jiha guda ta Gongola da ita kafin 1991, ga Sunday Jackson, manomin da ya ce kare kansa ya yi sa'ad da ya kashe wani makiyayi. A watan Maris, 2025, Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kisa, amma alƙalan ba su haɗu a baki ɗaya ba, sai a Disamba na shekarar Gwamna Ahmadu Fintiri ya yi masa afuwa. In manyan alƙalan ƙasa na iya saɓawa a kan ran mutum guda, to ɗauri ya fi, domin ƙofar kurkuku tana buɗuwa, ta kabari ba ta buɗuwa.

Na san abin da wani zai ce: Malam, ai addini ya yarda da kisasi. Gaskiya ne, ban musa ba, 'yan'uwanmu Kirista ma suna da masu wannan ra'ayi da masu saɓa masa. Amma mu faɗi maganar duka, kada mu yanke ta a tsakiya. Shari'ar da ta zo da kisasi ita ce ta tsananta sharuɗɗan shaida, ita ce ta ƙi iƙirarin da aka karɓa da tilas, ita ce kuma ta sa magana a hannun magadan mamaci, in sun so a yi kisasi, in sun so su karɓi diyya, in sun so su yafe don Allah, ta ma kwaɗaitar da yafewar. A dokar Final Kod da muka gada daga tsohuwar Jihar Arewa tun 1960, wadda da ita ake shari'ar kisan kai a Jalingo, babu wannan zaɓi. In laifin ya tabbata, alƙali ba shi da ikon sassautawa, marayu da gwauruwa kuma ba su da ta cewa, ba su da sisin kwabo. Saboda haka mai neman rataya da sunan addini ya duba da kyau, abin da ake yi a kotunanmu ba shi ne abin da malaminsa ya karantar da shi ba. Shi kuma ɗan makarantan nan da aka kora daga wurin shayi, da ya san ta kan gardama da bai kira ƙasashen Turawa ba, tun da Amurka har gobe tana kisa. Da ya nuna Jamhuriyar Nijar, 'yan'uwanmu na jini, inda rabon da a zartar da hukuncin kisa tun 1976, ko Ghana da ta soke shi ga manyan laifuffuka na yau da kullum a 2023.

Gwamnoni su ma sun san duk wannan, shi ya sa alƙalaminsu ke nauyi. Tun bayan mutum uku da aka rataye a Benin cikin Disamba, 2016, ba a sake jin an zartar da hukuncin ba a ƙasar nan. Kwamitin da Shugaba Obasanjo ya kafa ma ya ba da shawara tun 2004 a dakatar da shi har sai an gyara harkar shari'a. To amma wannan zaman ba-a-ga-tsuntsu-ba-a-ga-tarko ba adalci ba ne ga kowa. Iyalin mamaci an yi musu alkawarin da ba za a cika ba. Fursuna kuwa kullum ya ji ƙarar makulli da asuba sai cikinsa ya ɗuri ruwa, shekara goma, shekara ashirin. Ɗan siyasa ne kaɗai ya ci riba: ya sa hannu a doka gaban 'yan jarida, ya ƙi sa hannu a takardar rataya a ɓoye, ya sami yabo ta nan, ya tsira da hannunsa ta can.

Ga abin da nake roƙon Gwamna Agbu Kefas da Majalisar Dokokin Jiha. Su fito su gaya wa mutanen Taraba, tun daga 2019 mutum nawa aka gurfanar a ƙarƙashin dokar nan, nawa aka samu da laifi. Lissafi ne da Ma'aikatar Shari'a za ta iya haɗawa cikin mako guda, kuma shi zai raba gardamar mai shayi. Kuɗin da ake da shi a zuba wajen binciken 'yan sanda, da kare mai ba da shaida, don a yau mutumin ƙauye ya gwammace ya haɗiye abin da ya gani da ya je kotu a bi shi gida da dare. Duk mai kaki ko mai rawani da aka samu yana cin abinci da 'yan daji, a fara da shi. Wanda kuma ya sace mutum, a ɗaure shi ɗauri mai tsawo, a ƙwace abin da ya tara a biya waɗanda suka sayar da shanunsu.

Akwai ma wata ƙofa da doka ta riga ta buɗe. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba Babban Jojin Jiha ikon mai da hukuncin kisa ɗaurin rai da rai, ga wanda ya ƙare ɗaukaka ƙararsa ya kuma shekara goma yana jira. Ba ta bukatar sabon ƙuduri, ba ta bukatar zaman majalisa. Daga Babbar Kotu zuwa gidan yarin Jalingo kuwa ba tafiya ba ce mai nisa.