Zancen Gida: Yatsa Ba Ya Saurin Mance Hanya

Zancenmu na wannan wata a kan wani ɗan abu ne da ke hannun 'ya'yanmu, watau linzamin wasan bidiyo, abin nan mai maɓallai da yaro ke riƙewa yana sarrafa abin da ke cikin talabijin. Sau da yawa mukan ji gardama ta tashi a ɗaki, yaron da ya gwanance a gidansu ya je gidan abokinsa ya sha kashi, ya dawo yana huci, wai linzamin ne ya lalace. To, linzamin lafiyarsa ƙalau. Bari mu ga inda matsalar take.

Kamfanoni uku ne suka fi suna a wannan sana'a: Nintendo da Sony na ƙasar Japan, da Microsoft na Amurka. Kowannensu ya sa maɓallai huɗu a ƙarƙashin babban yatsan dama, amma jerin ya bambanta. Tun 1990 Nintendo ya sa A a dama, B a ƙasa. Microsoft kuwa, da ya fito da Xbox a 2001, sai ya sa A a ƙasa, B a dama. Haka X da Y ma sun yi musanyar wuri. Yawanci A shi ne "na yarda", B shi ne "na fasa". Saboda haka yaron da ya saba da Xbox, in ya ɗauki na Nintendo, yana so ya ce i, yatsansa ya ce a'a.

Na Sony, wato PlayStation, wanda ya fito a 1994, alamu gare shi maimakon haruffa, har da da'ira da alamar X. A makarantun Japan, malami yakan zana da'ira a kan amsar da ke daidai, X kuwa alamar kuskure ce. Don haka a can da'ira ita ce "na yarda". A Turai da Amurka kuma aka mai da X ta zama ta yarda. Da PlayStation 5 ya fito a 2020, kamfanin ya bi tsarin X ko'ina, har da Japan. Mutanen da suka yi shekara 25 suna danna da'ira sai da suka koma ɗalibai.

Ko a linzami ɗaya ma akan gamu da wannan. A wasan ƙwallo na FIFA, wanda aka sake wa suna EA Sports FC a 2023, da da'ira ake buga ƙwallo raga. A na PES kuwa, wanda ya zama eFootball a 2021, maɓallin mai kusurwa huɗu ne ke wannan aiki. Yaro ya iso bakin raga, sai ya ga ƙwallo ta tashi sama ta wuce.

Abin lura shi ne, yaron ya san sabon jerin sarai. In ka tambaye shi, zai faɗa maka ba kuskure. Amma sanin yana kai ne, sabo kuwa yana yatsa. Muddin wasa na tafiya a hankali, kai ne ke mulki. Da zarar abin ya yi zafi, sai yatsa ya koma tsohuwar hanyarsa. Dattawanmu sun san wannan, gama ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama, Ghana ma ta bi a 1974. Duk direba ya ji sanarwa, amma tsohon direba ne ya fi bukatar lura, musamman in ya gaji ko ya firgita.

Ga shawara ga yara. Kada ka fara da gasa. Ɗauki wasa mai sauƙi, ka yi kaɗan kaɗan kowace rana, ka daina tsalle tsakanin linzami biyu sai sabon ya zauna. Yawancin na'urorin nan suna da wurin da za ka sake jera maɓallai yadda ka saba, Nintendo Switch ma ya sami wannan a 2020. Amma ka tuna, ranar da ka je gidan wani, jerinsa za ka tarar. In ka yi kuskure kuma, kada ka jefar da linzami, da kuɗin mahaifinka aka saye shi.

Mu iyaye kuma darasinmu ya fi nauyi. Manzo Bulus, a sura 7 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa, ya yi kuka a kan yadda mutum kan so nagarta amma ya tarar yana aikata akasinta. Yaron da ya yi alkawari zai bar zagi, ko maigidan da ya tuba daga shan giya, ko sabon mai bi a ikkilisiya, in ya zame ranar fushi, kada mu yi saurin ce masa munafuki. Wataƙila zuciyarsa ta juyo da gaske, tsohon sabo ne bai gama sakinsa ba. Mu tsauta masa, mu ɗaga shi, mu yi addu'a tare da shi, gama wannan yaƙi ba a cinsa sai da alherin Allah.

Sa'an nan mu lura da abin da 'ya'yanmu ke maimaitawa kullum. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaisuwa, da faɗin gaskiya, da addu'a kafin barci, in sun zama sabo tun yanzu, su ne za su fito ranar da babu zarafin yin tunani.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.