RA'AYINMU: Kafin jihohi su ɗauki 'yan sanda, a faɗa mana mai biyan albashi

Duk wanda ya bi hanyar Keffi zuwa Abuja da asuba ya san inda dubban ma'aikatan gwamnatin tarayya suke kwana. Daga Keffi zuwa Masaka da Mararaba, jama'a ce ta Abuja da rana, ta Nasarawa da dare, kuma da daren ne ake neman ɗan sanda.

Sashe na 214 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar nan, ta tarayya. Amma gwamnoni sun daɗe suna sayen motocin sintiri da zuba musu mai. Tun watan Fabrairun 2024, da Shugaba Tinubu da gwamnoni suka amince a duba batun 'yan sandan jihohi, muhawara ta koma kan adadin matasan da za a ɗauka.

Ɗauka ba ta da wuya. An gwada a 2020, lokacin da gwamnatin Buhari ta amince da kimanin naira biliyan 13 domin 'yan sandan al'umma. An horar da matasa, an ɗinka musu kaki, sannan aka bar zancen albashi a tsakiya, tarayya na kallon jihohi, jihohi na kallon tarayya. A 2022 wasunsu suka fito zanga-zanga a Ilorin, rundunar ta amsa musu cewa aikin na sa-kai ne. Matashi mai kaki da aljihu wayam, a kan shingen hanya yake karɓar albashinsa, kuma masu bin hanyar Keffi sun san daga aljihun wa.

Ga Nasarawa, akwai inda za a fara nema. Doka ta ce harajin albashin ma'aikacin farar hula na jihar da yake zaune ne, ba ta inda ofishinsa yake ba. Ya kamata ma'aikatu su miƙa wa Lafiya harajin mazauna Karu da Keffi cikakke, ita kuma Majalisar Dokokin jihar ta keɓe wani kaso nasa da doka domin albashi da fanshon jami'an tsaro, yadda sauyin gwamna ba zai taɓa shi ba.

Hadiman da ke rubuta wa ministoci da sanatoci takardu kan gyaran Sashe na 214, muna roƙon su sa wannan tambaya a shafin farko: wa zai biya albashin wata na goma sha uku?