Sharhi: Tseren Formula 1 a allo, gudun babur a hanyar Magaria

A shagunan wasan bidiyo na garuruwan kan iyaka irin Magaria da Dungas, ƙwallon ƙafa ce sarauniya. Yaro zai biya kuɗinsa, ya zaɓi Real Madrid ko Barcelona, abokansa su kewaye shi suna ihu. Idan an gaji da ƙwallo, abin da ake komawa shi ne tseren mota. A ƴan shekarun nan kuma wani nau'in tsere na ƙara shiga idon matasa ta gajerun bidiyoyin TikTok da Facebook da YouTube, wato Formula 1, gasar motocin nan masu kujera ɗaya, masu tayoyi a waje, waɗanda ke wuce kilomita 300 a sa'a.

Babu filin irin wannan tsere a Nijar ko Najeriya. Cikin gasanni 24 da aka tsara a kakar 2025, babu ko ɗaya a Afirka. Rabon nahiyar da Formula 1 tun 1993, lokacin da aka yi tseren ƙarshe a filin Kyalami na Afirka ta Kudu. Saboda haka ga matashin Bande ko Wacha ko Dogo-Dogo, allon waya ko na talabijin shi ne kaɗai ƙofar shiga wannan mota. Abin dubawa shi ne yadda wasan ya yi kama da gaskiya, da abin da yake koya wa mai buga shi, musamman a yankin da babur ne abin hawan kowa.

Me ke jan hankali?

Wasannin mota da aka fi sani a nan, irin su Need for Speed da Asphalt da GTA, na gudu ne a titin gari. Ka take totur, ka kauce wa ƴan sanda, ka bugi motar wani ka wuce, a ba ka maki. Wasan Formula 1 ya sha bamban. Motar ba ta da jiki mai rufe tayoyi, don haka ɗan gogar da za ka yi da abokin tsere na iya karya fiffiken gaba ko ya fasa maka taya. Idan ka yanke kwana, alƙalan wasan su ƙara maka daƙiƙoƙi. Idan ka matsa wa tayoyi tun farko, su cinye kafin ƙarshe ka ga na baya suna wuce ka ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya san sukuwa ba zai sha wahalar gane wannan ba. Mahayin da ya saki linzami tun daga tashi, dokinsa kan gaji kafin a kai ƙarshe. Gwani shi ne mai sanin inda zai riƙe da inda zai saki. A wasan ma haka ne: sai ka haddace kowace kwana, ka san inda za ka fara taka birki, ka zaɓi lokacin shiga canza taya. Wannan lissafin ne ke riƙe masu wasan, domin duk zagayen da ka rage rabin daƙiƙa kana jin ka ƙaru da wani abu.

Akwai kuma taurari. Lewis Hamilton, ɗan Birtaniya mai kambu bakwai, shi ne baƙar fata ɗaya tilo da ya taɓa tuƙi a gasar, kuma ya daɗe yana kira a mayar da ita Afirka. Komawarsa Ferrari a 2025 ta zama babban labari har ga waɗanda ba sa bin tseren. Shirin Drive to Survive da Netflix ya fara a 2019 da fim ɗin F1 na Brad Pitt da ya fito a watan Yunin 2025 sun ƙara kai gasar ga matasan da ba su taɓa kallon tsere ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba.

Ina ya yi kama da gaskiya?

Kamfanin Codemasters na Ingila ne ke yin wasan Formula 1 na hukuma fiye da shekara 15, kuma a 2021 kamfanin EA na Amurka ya saye shi kan kimanin dala biliyan 1.2. Kusan kowace shekara sai an fitar da sabon bugu mai ɗauke da direbobi da motoci da filayen kakar. A bugun F1 25, an sake gina wasu filaye, ciki har da na Bahrain da Suzuka na Japan, ta hanyar auna su da na'urar hasken leza, yadda tudu da gangare da gefen kwalta za su zo daidai da na zahiri. Wasu manhajojin irin su iRacing sun daɗe suna amfani da wannan dabara.

Babbar shaida ita ce su kansu direbobin. Max Verstappen, wanda ya ci kambun duniya sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, sananne ne da shiga tseren intanet a lokacin hutunsa. Manyan ƙungiyoyin gasar duk suna da na'urar kwaikwayon tuƙi a hedikwatarsu, inda ake gwada saitin mota kafin a je fili. Tun 2017 Formula 1 ke da gasar kwamfuta ta kanta, kuma a 2020, da annobar korona ta tsayar da komai, direbobin gaske sun koma yin tsere daga ɗakunansu ana watsawa kai tsaye.

Har an samu wanda wasa ya kai shi mota ta gaske. Jann Mardenborough, wani matashi ɗan Birtaniya, ya ci gasar GT Academy ta wasan Gran Turismo a 2011, ya zama direban kamfanin Nissan, ya kuma yi tsere a Le Mans na Faransa. Labarinsa ne aka mayar fim a 2023.

Inda kamar ta tsaya

Sai dai akwai abubuwan da allo ba ya iya kawowa. Direban Formula 1 idan ya taka birki ko ya shiga kwana da gudu, jikinsa na ɗaukar nauyin da ya kai ninki huɗu zuwa biyar na nauyinsa. A tsere mai zafi yakan rasa kilo biyu zuwa uku ta gumi. Mai wasa a kan benci ba ya jin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Sannan kamar da ake magana a kai ta dogara da kayan aiki. Ana jin ta sosai ne da sitiyari mai girgiza hannu da fedar birki da totur. Da ɗan abin latsawa na hannu ko da yatsa a kan gilashin waya, tare da taimakon da wasan ke kunnawa na birki da giya, rabin aikin kwamfuta ce ke yi.

Mafi muhimmanci shi ne maɓallin mayar da lokaci baya. A wasannin Codemasters, idan ka daki bango, sai ka latsa, motar ta koma inda take kafin kuskuren, ka sake gwadawa. A gasar gaske Ayrton Senna ya mutu a Imola ranar 1 ga Mayun 1994, Jules Bianchi kuma ya rasu a 2015 sakamakon hatsarin da ya yi a Suzuka a 2014. Romain Grosjean ya fita da ransa daga motar da ta rabe biyu ta kama wuta a Bahrain a 2020, saboda ƙarfen kariyar kai da aka wajabta tun 2018, da tufafi masu jure wuta, da motar likita da ke biye da su a zagayen farko. Duk gudun da ake gani a Formula 1 an kewaye shi da kariya ta miliyoyin daloli.

Hanyar Damagaram zuwa Magaria

A nan ne batun ya shafe mu. Tsakanin Damagaram da Magaria kimanin kilomita 90 ne, daga nan hanya ta nufi iyakar Najeriya ta Babban Mutum. Daga Dungas kuma mutane na kwarara kasuwar Maigatari ta jihar Jigawa duk ranar Alhamis. A waɗannan hanyoyi babur da amalanke da manyan motoci da garken dabbobi duk wuri ɗaya suke bi. Ƴan kabu-kabu yawancinsu matasa ne, da yawa sun koyi tuƙi a hannun yaya ko aboki, kuma hular kwano ba ta zama al'ada ba. A ranar ɗaurin aure ko rakiyar amarya kowa ya san irin wasan da ake yi da babura.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce hatsarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Yankin Afirka ne ya fi kowane yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, duk da cewa shi ne mai ƙarancin motoci. Nijar kuwa ƙasa ce da kusan rabin al'ummarta ba su kai shekara 15 ba, wato masu wasan yau su ne direbobin gobe.

Shin wasan na ƙara wa matashi ganganci? Masanin halayyar ɗan'adam Peter Fischer da abokan aikinsa a Jamus sun yi gwaje-gwaje a kan haka, suka wallafa a 2007 da 2009. Sun gano cewa buga wasan tsere na ƙara wa mutum son ɗaukar kasada a gwajin tuƙi. Amma a bincike na biyu sun ga tasirin yana fitowa ne a wasannin da ke ba da lada kan karya dokar hanya, ban da waɗanda ba sa yin haka. Gwaji ne na ɗakin bincike a Turai, don haka ba za a ɗora masa hatsarin Magaria ba, inda ramuka da lodi fiye da kima da rashin horo suka riga kowane wasa zuwa. Duk da haka ya nuna cewa wasannin mota ba ɗaya suke ba. Wanda ke hukunta ka idan ka gogi wani ya fi kusa da darasin da ɗan kabu-kabu ke buƙata fiye da wanda ke tafa maka idan ka tsere wa ɗan sanda.

Kuɗi da wuta

Matsalar ita ce wasan da ya fi kama da gaskiya shi ne ya fi wuyar samu. F1 25 ba ya aiki a PlayStation 4, sai PlayStation 5 ko sabon Xbox ko kwamfuta mai ƙarfi. Farashinsa a na'urorin wasa lokacin fitowa kimanin dala 70 ne, wato kusan jaka 40 na sefa, alhali mafi ƙarancin albashi a Nijar jaka 42 ne. Ba a ma zo kan kuɗin na'urar da sitiyari ba. Mai shago da ke karɓar ƴan silalla a kowane wasa zai fi son ƙwallo, wadda mutum biyu ke bugawa su tashi cikin minti goma.

Ga batun lantarki. Kafin 2023 Nijar na sayen kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Najeriya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar a farkon Agusta, ba a maido ta ba sai bayan ECOWAS ta janye takunkumi a ƙarshen Fabrairun 2024. Janareta ma ya yi tsada, domin cire tallafin mai da Najeriya ta yi a ƙarshen Mayun 2023 ya kashe arahar man ruwa-ruwa da garuruwan iyaka suka daɗe suna dogaro da shi. Tseren intanet kuma na son layi mai ƙarfi wanda ba ya yankewa, abin da har yanzu ke wahala a ƙauyukan Guchi ko Malawa.

Shi ya sa ƴan uwa mazauna waje ke da ta cewa. Sau da yawa wayar da ƙane ke wasa da ita ko na'urar da ke shagon unguwa tsaraba ce daga Kano ko Agadas ko Libiya ko Aljeriya ko Turai. Mai aiko da na'ura yana iya zaɓar wasan da zai haɗa da ita, kuma yana iya sa hular kwano cikin kayan.

Me za a iya ci daga ciki?

Kada a yaudari kowa da mafarkin zama Verstappen. Hanyar shiga Formula 1 na farawa ne da ƙananan motocin tsere tun yaro na shekara shida zuwa takwas, kuma tana cin miliyoyin daloli. Mahaifin Hamilton sai da ya haɗa ayyuka da dama kafin ya iya ɗaukar nauyin ɗansa. Ɗan Afirka ɗaya ne ya taɓa cin kambun, Jody Scheckter na Afirka ta Kudu a 1979. Ko da yunƙurin Ruwanda, wanda Shugaba Paul Kagame ya sanar a Kigali a Disambar 2024, ko na Afirka ta Kudu ya yi nasara, tikitin kallo kaɗai zai fi ƙarfin yawancin matasanmu.

Abin da ke kusa ya fi wannan amfani. Yaron da ya gane a wasa dalilin da ya sa taya mai santsi ke zamewa, da yadda nisan tsayawa ke ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu, ya riƙe ilimin da ke tsare rai. Wanda ya saba da gyara saitin giya da birki a allo ya fara tunani irin na bakanike. Makarantun koyon tuƙi a ƙasashe da dama na amfani da na'urar kwaikwayo kafin su ba ɗalibi mota. Babu abin da zai hana cibiyoyin koyon sana'a da ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu da majalisun fada a Magaria da Dungas su gwada irin haka da kwamfuta ɗaya da sitiyari ɗaya da faifan sola, a haɗa gasa da darasin dokar hanya, kyautar wanda ya ci ta zama hular kwano.

Nijar ta taɓa ganin tseren duniya da idonta, lokacin da gasar Paris-Dakar ke ratsa Agadas da hamadar Tenere a shekarun 1980 da 1990, kafin matsalar tsaro ta sa a soke ta 2008 a kuma ɗauke ta daga Afirka. A wancan lokaci ƴan ƙasa kallo kawai suke yi motoci na wucewa. Yanzu sitiyarin na hannun matasa, ko da a allo ne. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma wasan Formula 1 da kansa yana koyar da haka, domin mai gaggawa a kwanar farko ba ya kai ƙarshen tsere. Nauyin da ke kan iyaye da masu shaguna da hukumomin kiyaye hanya shi ne su tabbatar matashin da ya tashi daga benci ya hau babur ya tuna cewa a hanyar Magaria babu maɓallin mayar da lokaci baya.