Ruwa Zalla Bai Ishi Mai Kumburin Hanji Ba



A littattafanmu, da jaruma ta kwanta ciwo, ko dai zuciya ce ko hawan jini. Da wuya mu taɓo cutar da ke kai mutum banɗaki sau goma a rana, wataƙila don muna jin kunyarta. Ga shi kuwa akwai masu fama da kumburin hanji mai daɗewa, wato cutar Kuron, wadda likita Burrill Crohn da abokan aikinsa suka bayyana a 1932, da kuma gyambon babban hanji. Cuta ce da garkuwar jiki ke far wa hanji, takan lafa ta sake tashi. Mu kuwa sai mu ce basir ne ko atini, mu ɗirka wa mutum jiƙon da zai ƙara tsuga masa gudawa.

Ra'ayinmu shi ne, shawarar nan ta "yawaita shan ruwa" rabin magana ce. A kullum kimanin lita 8 zuwa 9 na ruwa ke ratsa hanjin mutum, har da yawu da ruwan narkar da abinci, kuma lafiyayyen hanji yana tsotse kusan duka. Idan ya kumbura sai ya gaza, ruwa ya zube tare da gishirin jiki. Ruwa zalla ba ya mayar da gishirin, ga wanda aka yanke wa babban ɓangare na hanji ma yana iya ƙara masa zawo.

Hanji ya fi tsotsar ruwa idan akwai gishiri da ɗan sukari tare. Sirrin ORS ke nan. In babu na kemis, a samu lita 1 ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe da gishiri rabin cokalin. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Lemon kwalba da kofi kan tsananta gudawa. Fitsari ya yi duhu ko ya ragu, ga jiri da bushewar baki, to jiki ya fara ƙafewa. In ana amai ko jini ya yawaita, sai asibiti. Sakaci na iya taɓa ƙoda, har ya kawo tsakuwa.

Wani zai ce wannan aikin likitoci ne. Gaskiya ne, su ke da magani, su za a tuntuɓa kafin azumi ko in akwai ciwon ƙoda. Amma likita ba ya raba mutum da kunya. Mai wannan lalura yakan ƙi shan ruwa da gangan ranar tafiya ko jarabawa, a zafin Afrilu, don kada a ga yana zaryar banɗaki. Nan ne alƙalaminmu ke da aiki.

Mu ƙirƙiro jarumar da ke yawo da gorar ORS a jakarta, ta yi karatu, ta yi aure, ba tare da mun mayar da ciwonta asiri ko abin dariya ba. Ranar 19 ga Mayu ce ranar tunawa da masu wannan cuta a duniya. Wa zai kawo mana gajeren labari kafin nan?