Mai Niyyar Tsufa a Madina da Lissafin Igama

A makon jiya, bayan an idar da sallar Juma'a, wani dattijo da na daɗe ina girmamawa, wanda ya yi shekara 35 yana aikin gwamnati har ya ajiye shi da mutuncinsa, ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, na yi niyyar sayar da gidana na biyu in koma Madina, in zauna har ajali ya same ni a kai ni Baƙi'a." Na ce, "Allah ya cika buri, ranka ya daɗe, amma da wace takarda za a zauna?" Ya ce ai biza ba ta gagara. Da gaskiyarsa ta wata fuska, domin bizar shiga ba ta cika gagarar mai hali ba. Abin da yake gagara, wanda kuma galibin masu wannan kyakkyawar niyya ba su sa shi cikin lissafi, shi ne sabunta izinin zama shekara bayan shekara, a lokacin da ƙarfin jiki yake raguwa, na aljihu kuma yake rufa masa baya.

Mujawara, watau mutum ya tare a maƙwabtaka da Harami don ibada, tsohuwar al'ada ce a ƙasarmu. Kakanninmu sun taka ta da ƙafa, ta Barno da Wadai da Darfur har bakin teku a Sawakin, wasu suka isa, wasu kuma, kamar jama'ar Mai Wurno bayan 1903, suka yada zango a Sudan har zangon ya zama gida. Su guzuri da lafiyar hanya ne damuwarsu. Jikansu na yau jirgi yake hawa, sa'o'i kaɗan ya sauka Jidda, amma zamansa duka yana rataye da wani kati da ake kira igama.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne Saudiyya ba ta ware wata biza da sunan mai ritaya ba. Igama a bisa asali tana ɗaure da aiki da kafili, ta yadda ranar da aikin ya ƙare, ko da mutum ya yi shekara talatin yana koyarwa a Riyad ko yana duba marasa lafiya a Jidda, abin da yake gabansa shi ne hatimin fita ta ƙarshe. Wanda yake da ɗa mai aiki a can yana iya neman ya zauna a ƙarƙashinsa, sai dai ba kowa ake yarje wa ba. Kuma tun watan Yuli na 2017 aka ɗora haraji a kan kowane mutum da ma'aikaci baƙo yake ɗauke da nauyinsa, aka fara da riyal 100 a wata, ana ƙarawa duk shekara har ya kai 400 a 2020. Ga shi kuma ranar da ɗan ya rasa aikinsa, uban ya rasa mazauninsa tare da shi.

A 2019 ne hukuma ta buɗe ƙofar da babu kafili a bakinta, wadda suke kira igama mumayyaza. Iri biyu aka fara da su: ta dindindin, wadda ake biyan riyal 800,000 sau ɗaya a huta, da ta shekara, wadda ake sabuntawa da riyal 100,000. A farkon 2024 aka ƙara wasu rukunai, ciki har da na wanda ya mallaki gidan da bai gaza riyal miliyan 4 ba. A nan nake roƙon mai karatu ya ɗauko alƙalami, domin mas'alar duka a nan take. Riyal a ɗaure yake da dalar Amurka, uku da kwata uku a kan kowace dala, saboda haka riyal 100,000 ya tasam ma dala 26,700. A farkon 2023, lokacin da farashin hukuma yake wajen naira 460, wannan kuɗi naira miliyan 12 ne da 'yan kai. A 2024, bayan an saki naira ta haura 1,500, kuɗin nan dai, ba tare da Balarabe ya ƙara ko sisi ba, ya zama miliyan 40. Fansho kuwa da naira ake biyansa, kuma ban ga wanda aka ninka wa nasa sau uku a wannan tsakani ba.

Wasu sukan ce to ga Dubai, wadda tun watan Satumba na 2020 ta fito da bizar ritaya ta shekara biyar ga wanda ya kai shekara 55, bisa sharaɗin ajiyar dirhami miliyan ɗaya, ko mallakar gida, ko kuɗin shiga da aka fara yanke wa dirhami 20,000 a wata. Shekara biyar ta fi ɗaya sauƙi, babu shakka, amma ranar sabuntawa sai an sake auna mutum da wannan mudu, ba mu kuma manta ba cewa ƙasar da Dubai take cikinta ta rufe wa 'yan Nijeriya ƙofar biza daga 2022 har tsakiyar 2024. Malesiya ma, wadda ta yi suna wajen karɓar tsofaffin baƙi, a 2021 ta wayi gari ta ɗaga sharaɗin kuɗin shiga daga ringit 10,000 a wata zuwa 40,000, kuma sai da aka yi ta ƙorafi, har da bakin Sarkin Johor, kana aka sassauta wa waɗanda suka riga suka zauna.

Ban ma ambaci inshorar lafiya ba, wadda ba a sabunta izini sai da ita, farashinta kuwa yana hawa tare da shekarun mai ita. Ko fasfo da zai ƙare. Ko ofishin fansho na gida da zai bukaci hujjar cewa mutum yana raye. Akwai kuma masu raɗa wa dattawa cewa a shiga da bizar Umra kawai a laɓe, kamar yadda takari da dama suka yi. Wannan shawara ni ina ganin muninta ƙwarai, domin wanda ya karɓi biza ya ɗauki alkawari, cika alkawari kuma wajibi ne, alhali mujawara ba ta kai wajibi ba. Sa'an nan ban san irin khushu'in da zai samu ba ga tsohon da yake tsallake titi duk sa'ad da ya hango askari, yana tsoron asibiti fiye da ciwonsa, yana kwana da sanin cewa ƙarshen abin tsarewa ce a Shumaisi da tusa ƙeya zuwa gida.

Abin da na faɗa wa dattijon nan shi ne ya bar gidan a hannunsa ya ba da shi haya. Tun 2022 aka tsawaita bizar Umra zuwa kwana 90, wanda ya ishi mutum ya kama Rajab da Sha'aban da Ramadan a can, ya yi Idi, ya fito kafin wa'adin da ake yanke wa masu Umra gabanin Hajji, ya dawo cikin jikokinsa, baɗi kuma in hali ya yi ya koma. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To Baƙi'a fa, Malam?" Na ce masa a cikin kwana casa'in ma ana mutuwa, ranka ya daɗe. Ya yi dariya har ya saki hannuna, ya ce in rubuto masa lissafin riyal ɗin nan a takarda zai nuna wa Hajiya.